Darasi na 9: Kanumfari da Sinadarin da Ke Kashe Zafin Haƙori

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya:

1. faɗin mene ne kanumfari da inda ake noma shi;
2. bayyana sinadarin da ke cikinsa da yadda yake kashe zafi;
3. kawo ayyukan da likitoci ke yi da wannan sinadari;
4. bambance amfanin da ba shi da lahani da wanda ke da haɗari;
5. gane alamun da ke nuna lallai a garzaya asibiti.

Shimfiɗa

Duk wanda ciwon haƙori ya taɓa hana shi barci ya san dare yana da tsawo. Ga kantin magani a rufe, ga asibiti da nisa, ga haƙori yana zugi kamar ana daka sakwara a cikin kai. A irin wannan dare ne uwargida kan jawo gwangwanin kayan ƙamshi, ta ce, "Maigida, ungo wannan ka danne a wurin, ka bari ya jiƙa." Ƙwaya ɗaya ce ta kanumfari. Da farko bakin ya ɗauki yaji. Can an jima sai dasashi da gefen harshe su yi nauyi kamar ba nasa ba, zugin ya lafa, barci ya samu.

Abin da ya faru a bakin wannan magidanci yana da bayani. A cikin kanumfari akwai wani sinadari mai suna yujinol, shi ne ya yi aikin. Likitocin haƙori sun san shi, suna kuma aiki da shi kullum. A wannan darasi za mu san abin da yujinol ke iya yi, da inda ƙarfinsa ya tsaya, domin wanda ya san amfanin magani bai san iyakarsa ba, rabin sani gare shi, ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne.

1. Mene ne kanumfari?

Mutane da yawa suna ɗaukar kanumfari ɗan itace ne ko iri. A gaskiya fure ne da bai kai ga buɗewa ba. Ɗauki ƙwaya ɗaya ka duba: za ka ga tana kama da ƙaramar ƙusa. Ɗan dunƙulen da ke samanta ganyayyakin furen ne a naɗe, ƙananan haƙora huɗun da ke tallabe da shi kuma su ne makarin furen.

Bishiyarsa dangin gwaiba ce, ba ta kaɗe ganye, tana kai tsawon mita 8 zuwa 12. Tana son ruwan sama mai yawa da iska mai laima irin ta bakin teku, shi ya sa ba ka ganinta a gonakinmu. Sai ta yi shekaru kafin ta fara bayarwa, amma in ta fara takan yi shekaru da dama tana yi. Da hannu ake tsinkar furen, a daidai lokacin da ya fara juyawa daga kore zuwa ja-ja. In aka yi jinkiri ya buɗe, darajarsa ta faɗi. Daga nan sai a shanya shi a rana na 'yan kwanaki har ya bushe ya yi duhu, nauyinsa ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku.

Sunan ma yana nuna hanyar da ya biyo zuwa gare mu. Larabawa suna ce masa ƙaranful, bakin Bahaushe ya mai da shi kanumfari, mutanen gaɓar gabashin Afirka kuma suna cewa karafu. Ya daɗe da zama ɗan gida a wurinmu. Tare da citta da masoro da kimba yake zama a faifan mai kayan ƙamshi, ana sa shi a fura da kunun zaƙi da zoɓo da shayi da yaji, mata kuma suna haɗa shi a turare.

2. Daga Maluku zuwa Zanzibar

Asalin kanumfari wasu ƙananan tsibirai ne na Maluku da ke ƙasar Indonesiya ta yanzu, irin su Tarnate da Tidore. Daga can fatake suka riƙa kai shi Sin da Indiya da ƙasashen Larabawa. An ruwaito cewa a zamanin daular Han ta ƙasar Sin, shekaru wajen dubu biyu da suka wuce, fadawa kan sa kanumfari a baki kafin su yi magana da sarki, don kada warin baki ya dame shi.

Tsadar kanumfari ta jawo wa mutanen Maluku wahala. Turawan Fotugal sun isa tsibiran a shekarar 1512, daga baya 'yan Holan suka ƙwace kasuwar. A ƙarni na 17 kamfanin 'yan Holan ya hana noman kanumfari sai a tsibirin Ambon da 'yan tsibiran da ke kusa da shi, ya riƙa aika jiragen yaƙi suna sare bishiyoyin sauran wurare, don kaya su yi ƙaranci farashi ya hau. An yi ta haka har 1770, lokacin da wani Bafaranshe mai suna Pierre Poivre ya sa aka sato dashen bishiyar aka kai tsibirin Morishus.

Daga wannan yanki ne kanumfari ya isa Zanzibar a farkon ƙarni na 19. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, wanda ya mai da fadarsa Zanzibar a 1840, ya matsa wa masu gonaki su dasa shi, aka kuma yi aikin da gumin bayi. Cikin ɗan lokaci Zanzibar ta zama kan gaba a duniya. A 1872 wata guguwa ta kakkarya mafi yawan bishiyoyin babban tsibirin, sai noman ya fi ƙarfi a tsibirin Pemba. A yau Indonesiya ce ta fi kowa noma shi, ana kuma samun sa da yawa daga Madagaska da Tanzaniya da tsibiran Komoros da Siri Lanka. Ƙwayar da ke gwangwanin uwargida ta ƙetare teku kafin ta zo hannunta.

3. Yujinol

Danna farce a jikin ƙwayar kanumfari mai kyau, za ka ga ɗan maiƙo ya fito. Wannan shi ne man kanumfari. A cikin giram 100 na busasshen kanumfari ana samun mai giram 15 zuwa 20, wato ya fi yawancin kayan ƙamshi mai. Ana fitar da shi ta hanyar turarawa, kusan yadda ake turara dambu: tururin ruwa ya ratsa kanumfarin ya kwaso man, a tare tururin a sanyaya shi, sannan a raba mai da ruwa. Wani abin mamaki shi ne, man gyaɗa da manja sama suke yi a kan ruwa, amma man kanumfari nutsewa yake, domin ya ɗan fi ruwa nauyi. Ana tatsar man daga ganye da tsinken furen ma, waɗannan sun fi arha.

Mafi yawan wannan mai, kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari, yujinol ne. Shi ne ƙamshin da hanci ke ji, shi ne yajin da harshe ke ji, shi ne kuma mai sagar da baki. Ana samun sa a ganyen kirfa da wasu nau'o'in ɗoɗɗoya da gyaɗar ƙamshi, sai dai kanumfari ne gidansa.

A lura da wannan lissafi, domin za mu dawo kansa. Ƙaramin cokalin shayi yana cin mililita 5. Kafin a cika shi da man kanumfari sai an tatse kanumfari wajen giram 30, wato ɗaruruwan ƙwayoyi. Ke nan ƙwaya ɗaya a baki da cokali ɗaya na mai ba tafiyarsu ɗaya ba, ko da yake sunansu ɗaya.

4. Yadda yake kashe zafi

Hausawa suna cewa jiki magayi. Ciwo saƙo ne da jiki ke aika wa ƙwaƙwalwa cewa wani wuri ya samu matsala. Jijiyoyin ji su ne 'yan aiken. Suna nan kamar siraran wayoyi daga kowane lungu na jiki, har cikin haƙori, zuwa ƙwaƙwalwa. Sai saƙon ya isa can mutum ke cewa wash.

Saƙon da ke bin jijiya ɗan lantarki ne mai rauni. A jikin kowace jijiya akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. In wuri ya ji rauni, ƙofofin sukan buɗe, sinadarin sodiyam, wanda ke cikin gishirin da muke ci, ya kutsa ciki. Shigarsa ce ke sa ƙofofin gaba su buɗe, su ma su buɗe na gabansu, har saƙo ya kai ƙwaƙwalwa. Yujinol yana hana waɗannan ƙofofi buɗewa yadda ya kamata. Da sodiyam ya rasa hanya, sai saƙon ya tsaya, wurin ya sage. Allurar da likitan haƙori ke yi kafin ya cire haƙori ita ma waɗannan ƙofofi take tarewa, sai dai ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma tana kaiwa ciki inda shafawa ba ta kaiwa.

To, me ya sa baki ke fara ɗaukar yaji kafin ya sage? Akwai wata ƙofa daban a bakin jijiya wadda aikinta jin zafin wuta, ita ce kuma barkono ke taɓawa har mutum ya ji kamar bakinsa na ci da wuta. Yujinol yana taɓa ta shi ma. Bayan ɗan lokaci sai ta gaji ta daina amsawa, yajin ya wuce, sagewa ta biyo baya.

Yujinol yana da wasu ayyuka biyu da ke taimakawa. Yana rage wasu sinadarai da jiki ke fitarwa a wurin da ya kumbura, waɗanda ke ƙara raɗaɗi. Yana kuma kashe ƙwayoyin cuta iri-iri in ya taɓa su kai tsaye. Amma duk wannan a saman wurin da ya taɓa ne, kuma na ɗan lokaci. Da miyau ya wanke shi, ƙofofi sun buɗe, ɗan aike ya ci gaba da tafiyarsa.

5. Yujinol a hannun likita

Wanda ya taɓa shiga ɗakin likitan haƙori wataƙila ya ji wani ƙamshi da ya san shi daga ɗakin girki. Hancinsa bai yi ƙarya ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 likitoci ke kwaɓa yujinol da wani farin gari na sinadarin zinki. In suka haɗu sukan zama kamar ƙullu, can kuma su daskare. Ga wasu ayyukan da ake yi da wannan haɗi:

- Cikon wucin gadi. In likita ya share kogon haƙori, yakan toshe shi da wannan haɗi na 'yan kwanaki ko makonni. Cikon yana hana abinci shiga, yujinol kuma yana fita kaɗan-kaɗan yana kwantar da jijiyar.
- Toshe saiwar haƙori. In jijiyar haƙori ta mutu aka cire ta, akan yi amfani da irin wannan haɗi wajen liƙe ramin saiwar.
- Ramin haƙorin da aka cire. Wani lokaci gudan jinin da ya kamata ya rufe ramin yakan fita, ƙashi ya zauna a buɗe, ciwo mai tsanani ya taso bayan kwana biyu ko uku. Likita kan wanke ramin ya sa magani mai yujinol, mara lafiya ya samu sauƙi.

Ko a hannun likita yana da ƙa'ida. Yujinol yana hana farin cikon zamani, mai kama da launin haƙori, daskarewa da kyau. Don haka in ka shafa man kanumfari kafin ka je asibiti, ka faɗa wa likita.

Masu bincike sun gwada kanumfari da maganin zamani. A 2006 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Jami'ar Kuwait da manya 73. An shafa musu haɗin kanumfari, da maganin sagarwa mai suna benzoken, da wani abu da ba magani a cikinsa, sannan aka soka allura a wurin. Kanumfari da benzoken duk sun rage zafin sukar fiye da wanda ba magani, ba a kuma ga wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu ba. Gwajin ya nuna kanumfari yana sagar da fatar baki. Bai nuna yana warkar da ruɓaɓɓen haƙori ba, ba ma abin da aka gwada ke nan ba.

Masu kiwon kifi ma sun san shi. In za a auna kifi, ko a yi masa allura, ko a tatsi ƙwansa, akan sa ɗan man kanumfari a ruwa. Kifin sai ya yi laushi ya daina fizge-fizge, in aka mai da shi ruwa mai tsabta ya farfaɗo. In kuwa man ya yi yawa, ba ya tashi.

6. Wasu tsirrai masu irin wannan aiki

Kanumfari ba shi kaɗai ba ne. A nan Afirka ta Yamma akwai fasaƙwari, wanda in ka tauna saiwarsa baki kan yi tsam-tsam sannan ya sage, shi ya sa aka daɗe ana asuwaki da shi ana kuma neman sa don ciwon haƙori. Sinadarinsa daban ne da yujinol.

Allurar sagarwa ta asibiti ma daga tsiro ta samo asali. Mutanen duwatsun Andis a Kudancin Amurka sun daɗe suna tauna ganyen koka. A 1860 wani Bajamushe, Albert Niemann, ya ware sinadarin koken daga ganyen, ya lura yana sagar da harshe. A 1884 likita Carl Koller na birnin Biyana ya nuna za a iya ɗiga shi a ido a yi tiyata mutum yana farke. Amma koken, wanda muka fi sani da hodar iblis, yana kama mutum ya hallaka shi. Sai masana suka ƙirƙiro waɗanda ke sagarwa ba tare da sa maye ba. Cikinsu akwai lidoken, wanda aka haɗa a Suwidin a 1943, shi ne kuma ake yawan yi wa mutane a asibitocinmu. Darasin da ke nan a fili yake: fitowa daga tsiro ba ta sa abu ya zama mara lahani.

7. Abin da kanumfari ba ya yi

An saba cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Babu tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ke maƙale a jikin haƙori suke cin sukarin da ya rage a baki, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke narkar da farin ɓawon haƙori a hankali. In ramin ya wuce ɓawon, sai a fara jin tsami in an sha sanyi ko zaƙi. In ya kai ɓargon haƙori, inda jijiya da hanyoyin jini suke, nan ne zugin da ke hana barci ke farawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutane kusan biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, ruɓewar haƙori kuma ita ce kan gaba.

Kanumfari ba ya cike rami, ba ya mai da ɓawon da ya narke, ba ya kaiwa ga mugunyar da ta taru a ƙarƙashin saiwa. Ɗan aike kawai yake tarewa a hanya, ɓarnar da aka aiko shi ya faɗa tana nan tana ci.

Ga tarkon da mutane da yawa ke faɗawa. Bayan an sha fama, wata rana sai ciwon ya ɗauke ɗif, a ce kanumfari ya warkar. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cuta kuwa sai su bi ramin saiwa su gangara cikin ƙashin muƙamuƙi, bayan makonni ko watanni a wayi gari da kumburin kunci. Haƙorin da da ciko kaɗai zai ishe shi, yanzu sai an cire.

8. Inda haɗarin yake

Kanumfarin da ake sa wa abinci da abin sha ba abin tsoro ba ne. Man ne ke buƙatar hattara.

*A baki.* Tsantsar man yana ƙona dasashi da harshe da leɓe, ya bar gyambo. In aka yi ta zuba shi cikin kogo mai zurfi, yana iya lalata ɓargon haƙorin. Wasu kuma jikinsu ba ya karɓarsa, sai ƙaiƙayi da kumburi.

*A ciki.* Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ya sa iyakar yujinol da mutum zai riƙa ci kullum ba tare da damuwa ba a miligiram 2.5 ga kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 60 ke nan iyakarsa miligiram 150. Cokalin shayi ɗaya na man kanumfari yana ɗauke da wajen miligiram 4,000, wato ya ninka iyakar babban mutum fiye da sau 25. Ina ga ƙaramin yaro? A 1993 likitoci a Ingila sun ba da rahoton wani yaro ɗan shekara 2 da ya sha mililita 5 zuwa 10 na man. Ya suma, ya yi jijjiga, jininsa ya kasa daskarewa, hantarsa ta taɓu, da ƙyar aka ceto shi.

*Ga jini.* Yujinol yana rage saurin daskarewar jini. Mai shan asfirin kullum ko wafarin, da mai cutar zubar jini, da wanda za a yi wa tiyata, su nemi shawarar likita kafin su kusanci man. Mai ciki da mai shayarwa su tsaya ga na abinci.

*A sauran jiki.* Kada a ɗiga man a ido ko kunne. Kada a cusa kanumfari ko mansa a gaba da sunan maganin sanyi, domin fatar wurin ta fi ta baki laushi, kuma sagewa na iya rufe ciwon da ke buƙatar gwaji.

*A taba.* Mafi yawan kanumfarin Indonesiya sigari ake yi da shi, wanda suke kira kiretek. An fara shi a garin Kudus na tsibirin Jaba a wajen shekarun 1880, da sunan maganin ciwon ƙirji. Yujinol yana sagar da maƙogwaro, sai mai sha ya daina jin kaushin hayaƙin, ya riƙa zuƙa sosai. Amurka ta hana sayar da irin wannan sigari a 2009. Nan ma an tare ɗan aike ne, huhu kuwa yana shan wuya.

9. In dare ya yi, ciwo ya taso

1. Kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ka fitar da abincin da ya maƙale.
2. Sa ƙwayar kanumfari ɗaya kusa da haƙorin, ka bari ta yi laushi, ka ɗan danne ta, in wurin ya sage ka tofar.
3. In mai ne, haɗa ɗigo 1 ko 2 da rabin cokalin shayi na man zaitun ko man gyaɗa. Tsoma 'yar auduga, ka matse, ka taɓa haƙorin kaɗai. Kada ka haɗiye, kada ka kwana da audugar a baki.
4. Kada a shafa wa jariri mai fitar haƙori, kada a ba ƙaramin yaro.
5. Gari na wayewa, a nemi likitan haƙori, ko da ciwon ya lafa.
6. A ajiye kwalbar man inda hannun yara ba ya kaiwa. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A kai shi asibiti nan take tare da kwalbar, ko da an ga kamar lafiya lau yake, domin illar hanta takan ɗauki lokaci kafin ta bayyana.

Ba a jiran gari ya waye in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: kumburin fuska, musamman ƙarƙashin haɓa ko kusa da ido, zazzaɓi tare da ciwon haƙori, baki ya ƙi buɗuwa, wahalar haɗiya ko numfashi.

Sababbin kalmomi

- Yujinol: sinadarin da ya fi yawa a man kanumfari.
- Sagewa: wuri ya daina jin taɓi ko zafi na ɗan lokaci.
- Ɓargon haƙori: sashe mai laushi a tsakiyar haƙori inda jijiya take.
- Mililita: ma'aunin ruwa; 5 ne ke cika cokalin shayi.

Tambayoyi

1. Wane sashe na bishiya ne kanumfari, kuma yaushe ake tsinkarsa?
2. Ta wace hanya kanumfari ya bar Maluku ya isa Zanzibar?
3. Bayyana da kalmominka yadda yujinol ke tare saƙon ciwo.
4. Kawo ayyuka biyu da likitan haƙori ke yi da yujinol.
5. Me ya sa ɗaukewar ciwon haƙori ba kullum take nufin warkewa ba?
6. Mace mai nauyin kilo 50, miligiram nawa ne iyakarta ta yujinol a rana?
7. Maƙwabciyarki ta shigo da gudu ta ce, "Yaya, yaron nan ya sha man kanumfari!" Me za ki ce mata ta yi, me kuma za ki hana ta?

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya zo da ƙwayar kanumfari goma. A zuba su a kofin ruwa. Mai isasshen mai yakan nutse ko ya tsaya a tsaye kansa a sama. Wanda ya tsufa, ko aka riga aka tatse mansa, yakan kwanta a saman ruwa. A ƙirga kowane kashi a rubuta a allo, sannan a tattauna yadda za a gane mai kyau a kasuwa.

Tunatarwa

Babban mutum haƙora 32 gare shi, wanda ya fita kuma ba ya sake tsirowa. A rage zaƙi, a goge baki safe da dare da asuwaki ko buroshi da man goge baki mai fuloraid, a kuma kai ƙaramin rami wurin likita tun bai kai ɓargo ba. Kanumfari na daren da ba yadda za a yi ne, da safe sai asibiti. Ɗalibi, ka kai wannan magana gida, ka faɗa wa iyali da maƙwabta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.